Masu Kiwon Maƙiyin Ƙwayar Cuta a Tibilisi

A cibiyar Eliava da ke Tibilisi, babban birnin Jojiya, akwai mutanen da sana'arsu kiwon bairus ce. Irin wanda suke kiwo, bakteriyofej, ko fej a taƙaice, ba ruwansa da jikin ɗan Adam, bakteriya kaɗai yake ci. Yakan manne mata, ya ɗura mata ƙwayar halittarsa, ya hayayyafa a cikinta har ta fashe, 'ya'yansa su bazu su far wa na kusa. George Eliava ne ya kafa cibiyar a 1923, bayan ya yi aiki da Félix d'Hérelle, wanda ya bayyana fej a Faris a 1917. Da penisilin ta bayyana, Yammacin Turai da Amurka suka yi watsi da hanyar yin magani da fej. Mutanen Tibilisi kuwa suka riƙe abinsu, duk da cewa gwamnatin Stalin ta kashe Eliava tun 1937.

Yau ga shi ana komawa wurinsu, musamman saboda Staphylococcus aureus, ƙwayar da ke kawo maruru, da gyambo, da ruɓewar ƙashi. Tun 1961 aka gano a Ingila wani nau'inta, MRSA, da ya fi ƙarfin magungunan dangin penisilin.

Gwanintar tana wajen zaɓe, don kowace ƙwarya da abokiyar burminta: fej ɗin da ya cinye ƙwayar wannan majinyaci yana iya ƙin taɓa ta wancan. Sai a lakato mugunya daga miki, a shuka ta a faranti, a bi shi da ɗigon fej iri-iri, kowane a gurbinsa, a bar shi ya kwana a ɗumi daidai na jikin mutum. Da safe ma'aikaciya ta ɗaga farantin ga haske. Bakteriya ta lulluɓe ko'ina, sai inda ɗigo ya yi aiki, nan za a ga fili tas. In filin ya yi dishi-dishi, ba ta yarda da shi. Wataƙila wasu ƙwayoyin sun tsira, ko kuma fej ɗin irin mai laɓewa ne a cikin bakteriya maimakon ya fasa ta, kuma irin wannan yakan ba ta har da makamin guba. Wannan karatun faranti, a ganina, shi ne ƙashin bayan aikin.

In duk fej ɗin da ke ajiya sun gaza, sai a nufi ruwan kwata ko na kogi, abin ƙyama ga kowa, a tace, a nemo sabo. In ya zo da rauni, a yi ta ciyar da shi da ƙwayar majinyacin, zagaye bayan zagaye, ana ɗaukar mafi kaifi, har ya goge. Daga nan a tsarkake shi, likita ya kankare mataccen nama, ya jiƙa bandeji da ruwan fej ya ɗora, sau da yawa tare da maganin da aka saba.

Manyan gwaje-gwajen asibiti a kan wannan hanya har yanzu kaɗan ne, shi ya sa ƙasashe da yawa ba sa yarda da ita sai inda magani ya ƙare. Beljiyam ta ɗan buɗe ƙofa a 2018: likita ya rubuta, mai haɗa magani na asibiti ya haɗa fej ɗin don majinyaci guda.