Jinjina ga Maƙeran Zarra

Haƙiƙa cikin ma'abota ilimi akwai jama'ar da ta cancanci jinjina, wato masu ƙera ƙwayoyin azurfa da zinariya waɗanda ido ba ya riskarsu, domin idan aka ɗiga musu ruwan da ake tuhuma, aka haska leza, sai rarraunan hasken nan da masani Raman na Indiya ya gano a 1928 ya ninku sau miliyan, ya tona asirin guba ko da gwargwadon zarra ce. Masani Fleischmann da abokansa ne suka fara ganin al'amarin a Ingila a 1974, bisa azurfa mai kaushi, amma sababinsa bai bayyana ba sai 1977. Gwanintar kuwa tana wajen matse tazarar ƙwayoyin, don a wannan ɗan tsukin hasken yake taruwa.