Tsokaci a kan Ra'in Porges na Warkarwa ta Hanyar Sauraren Kiɗa

A shekarar 1994 ne Stephen Porges, wani masani Ba'amurke, ya fito da ra'insa game da jijiya ta goma daga cikin goma sha biyun da suka taso daga ƙwaƙwalwa, watau wadda ke sassauta bugun zuciya. Ya tattara bayanansa cikin littafi a 2011. A ganinsa, natsuwar jiki tana da alaƙa da 'yan tsokoki biyu na tsakiyar kunne, waɗanda ke rage ƙarar gurnani don a ji muryar ɗan'adam sosai. A kan haka aka gina wata hanyar magani: a tace waƙoƙi da na'ura, majiyyaci ya sa abin saurare a kunne, ya ji na awa biyar a rarrabe.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun cikin shekarun 1950 likitan nan na Faransa, Alfred Tomatis, ya soma irin wannan aiki, har yana amfani da kiɗan Mozart. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2011 ba ta sami hujjar da ta tabbatar da amfanin ire-iren waɗannan hanyoyi ga yara masu larurar otizim ba. Haka kuma Paul Grossman ya soki ginshiƙan ra'in Porges ɗin a 2023.

Sai dai mu abin da ya fi damunmu shi ne batun harshe. Porges ya ɗauki hawa da saukar murya a matsayin alamar aminci, kamar ta uwa mai rarrashin jariri. To, amma Hausa harshe ne mai karin sauti. Alal misali, kalmar "baba" tana iya nufin mahaifi, ko uwa, ko abin rini, gwargwadon inda murya ta hau ko ta sauka. Da wannan kari ne kalangu ke magana. Ashe ke nan kunnen Bahaushe ba lallashi kaɗai yake tsinta cikin lanƙwasar murya ba, har da ma'ana, kuma ra'in bai tanadi gurbin wannan ba.

Wasu za su yi hanzarin cewa ai 'yan bori sun riga Bature. Wannan kwatance akwai gyara a cikinsa. Kamar yadda littafin Fremont Besmer na 1983 ya nuna, kowane iska da nasa taken da kirarinsa, kuma mai garaya ko goge ba kwantar da jiki yake nema ba, so yake iska ya hau dokinsa. A fili ake yi, gaban jama'a, da 'yan amshi da masu kari. Shi kuwa majiyyacin Porges, ko da akwai mai kula zaune kusa da shi, kiɗan a kunnensa kaɗai yake, ba makaɗin da zai dubi fuskarsa ya sauya take.