Tarihin Sabon Gari: A Kabad Zai Dawwama?

'Yan'uwana ɗalibai, Hausawa kan ce waiwaye adon tafiya. To, amma ina amfanin waiwaye in matafiyi bai gyara takunsa ba? Littattafai biyu da na nazarta su suka sa ni wannan tambaya: na Dokta Yusufu Bala Usman kan yadda ake wasa da addini a Nijeriya (1987), da na Ahmed Bako kan tarihin Sabon Garin Kano (2006).

Bala Usman ya nuna cewa manya ne ke fakewa da addini su haɗa talakawa faɗa. Wannan gaskiya ne, sai dai a ganina hujjar ba ta isa ta bayyana dalilin da ya sa wutar ta sha kamawa tsakanin Fagge da Sabon Gari ba. Sai an komo ga tarihin unguwannin, irin wanda Bako ya bi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka yanka Sabon Gari a 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, suka fitar da ita daga ikon Sarki, ba su mai da ta hannun En'e ba sai 1940. Fagge kuwa, tsohon zangon fatake, tana ƙarƙashin Sarki. Wato maƙwabta biyu, doka biyu. Ashe tun kafin rikicin Mayun 1953, wanda hukuma ta ce mutum 36 suka halaka a cikinsa, da na Oktoban 1991, an riga an gina katangar.

Kukana da littattafan shi ne, duka da Turanci aka rubuta su, suna kwance a kabad. Yau unguwannin biyu suna cikin ƙaramar hukuma ɗaya, ta Fagge, amma jikan wanda ya sauka a 1913 akan tura shi wani garin da bai taɓa kwana ba, ya nemo takardar shaidar asali. Shekara nawa mutum zai yi kafin ya daina zama baƙo?

Shawarata ita ce Ƙungiyarmu ta juya wannan tarihi zuwa Hausa, a koyar da shi a makarantu, a kuma kai shi gaban 'yan majalisa su gyara dokar zama ɗan gari da shi. Tarihi ya nuna hukuma ce ta gina katangar, saboda haka hukuma na iya rushe ta.

Wassalam.