Kalma Ɗaya, Baki Biyu: «Aggressive» a Hannun Mai Fassara

A watan Maris na 2025 ne kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan harsunan uku za su riƙa haɗuwa a teburin malami da na ɗan jarida fiye da da, kuma duk inda suka haɗu akwai kalmomin da ke sa tuntuɓe. Ɗaya daga cikinsu ita ce «aggressive» ta Ingilishi. Ɗalibi kan gamu da ita tun a kwaleji, ya ga ta yi kama da «agressif» ɗin da ya sani, ya wuce abinsa. Kamar kuwa ta kai: Ingilishi na ninka harafin g, Faransanci na barin guda, kuma masu gyaran jarrabawa sun san yawan jan alƙalamin da wannan harafi yake ci. Sai dai kama da wane ba ta wane.

Tushen kalmomin biyu ɗaya ne, wato «aggredi» ta Latin, mai nufin takawa zuwa ga wani, ko tunkararsa. Duka harsunan sun ɗauki ma'anar tunkara da mugun nufi. Amma Ingilishi, musamman na Amurka, bai tsaya nan ba. A bakin ƴan kasuwa da lauyoyi da masu horar da ƴan wasa, kalmar ta koma yabo. Kamfani kan yi shelar neman mai talla «aggressive», yana nufin wanda ba ya jiran ciniki ya same shi a zaune. Bafaranshe kuwa in ya ce mai talla «agressif» ne, galibi ƙorafi yake yi cewa an dame shi. Hukumar kula da Faransanci ta lardin Kebek, a Kanada, ta daɗe tana ɗaukar waccan ma'ana ta yabo a matsayin aro daga Ingilishi wanda ya kamata a kauce masa, ko da yake jaridun kasuwanci ba su cika saurare ba.

Hausa ba ta da kalma guda da za ta ɗauki wannan kaya duka, kuma wannan ba talauci ba ne. Abin da Ingilishi ya zuba a buhu ɗaya, Hausa ta rarraba shi ƙwarya-ƙwarya. Mafaɗaci shi ne wanda faɗa ya zame wa ɗabi'a. Mai zafin rai saurin hasala gare shi, yana iya hucewa kafin la'asar har ya ba da haƙuri. Ɗan tsokana shi ke jawo magana, sau da yawa ma ba shi da ƙarfin tsayawa idan ta taso. Tsiwa ta na ƙasa ce ga na sama, shi ya sa ba a faɗinta ga dattijo. Cin zali kishiyarta ne, daga mai ƙarfi yake sauka kan mara ƙarfi. A ɗaya gefen akwai zafin nama, da himma, da ƙwazo, da naci, waɗanda uba zai so a faɗa game da ɗansa. Ƙarfin hali ne kaɗai ya hau katanga, ƙafa ɗaya nan ɗaya can: ana yabon wanda ya shiga gobara da shi, ana kuma cewa ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Hatta a sha'anin nema, wanda Ba'amurke ya ɗora yabonsa a kai, Bahaushe bai yanke hukunci ɗaya ba. Ya ce mai nema yana tare da samu, ya juya ya ce zafin nema ba ya kawo samu.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, mai magana da Ingilishi yana iya furta kalmarsa ya bar mai sauraro cikin duhu, ko yabo ya yi ko zargi. Mai fassara zuwa Hausa ba shi da wannan mafaka. Duk kalmar da ya zaɓa ta riga ta faɗi wanda ya fara, da wanda ya fi ƙarfi, da wanda ke da gaskiya. A nan ne laifin fassarar gaggawa yake, irin wadda ke riƙe «mafaɗaci» ko «mai zafin rai» kamar mabuɗin da ke buɗe kowace ƙofa.

A ɗauki kokowa, wadda ake gasarta ta ƙasa tun daga Tawa a 1975. Ɗan kokowar da ba ya jira, wanda ke fara kai hannu ya hana abokin karawarsa sakat, mai sharhi da Ingilishi zai kira shi «aggressive» cikin jinjina. A mayar da wannan «mafaɗaci», an zagi mutumin da zai kayar da ɗan'uwansa sannan ya miƙa masa hannu ya tashe shi. Zafin nama ne nasa. A asibiti kuma kalmar ɗaya ce ake liƙa wa cuta da maganinta: ciwon daji mai saurin yaɗuwa, da magani mai ƙarfi da ake yi masa ba sassauci. Babu ran da ya yi zafi a ciki.

Malamai ya fi shafa. Idan aka rubuta «élève agressif» a takardar sakamako, uban da bai yi boko ba zai nemi a faɗa masa da Hausa. A ce masa yaron yana da tsiwa, ya ji an raina manya. A ce yana cin zalin ƙanana, ya ji wani abu dabam, kuma hukuncin da zai yanke a gida dabam ne. A ce zafin rai gare shi, wataƙila ya yi murmushi ya ce gadon kakansa ne. Kalmar Faransanci ta ba malami damar rubutawa ba tare da ya tantance abin da ya gani a fili ba. Hausa kuwa sai ta tambaye shi: wa yaron ya taɓa, kuma wa ya fara?

Tambayar nan ita ce ginshiƙin sunan da ya fito daga tushe ɗaya, «aggression», a dokar ƙasa da ƙasa. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya fayyace ma'anarsa a ƙuduri mai lamba 3314 na 1974: ƙasa ta yi amfani da ƙarfin soja a kan ƴancin wata ƙasa ko iyakokinta. A Kampala, a 2010, aka amince da fassarar laifin domin Kotun Manyan Laifuka ta Duniya, ikon kotun a kansa ya fara aiki a 2018. Da wannan kalma ce ƙasashe 141 suka yi tir da abin da Rasha ta yi wa Yukren a ƙudurin 2 ga Maris na 2022. Mai fassarar da ya juya ta zuwa «rikici» ko «faɗa» ya sauya hukuncin, domin faɗa a Hausa na mutum biyu ne, mai rabo kuma kan ce kowa ya yi haƙuri. Abin da ƙudurin ya faɗa yana kusa da hari, da mamaya, da ta'adi, kalmomin da kowace ke da mai yi da wanda aka yi wa.