Mai Jefawa da Mai Cafewa: Nazari Kan Barkwancin Haɗin Gwiwa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka ma barkwanci. A ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum an san 'yan kama da 'yan gambara a kasuwa da wajen biki: ɗaya ya jefa magana, ɗan'uwansa ya cafe, sannan dariya ta ɓarke. Finafinan Kano sun gaji wannan tsari, inda Rabilu Musa Ibro ya riƙa fitowa tare da Ciroki da Daushe da Bosho. Sai dai masu shirya fim sun ɗora komai kan sunan Ibro, abokan wasansa suka koma 'yan rakiya. Da ya rasu a 2014, giɓin ya bayyana. Saboda haka, wajibi ne manazarta su taskace fasahar mai cafewa tun kafin ta salwanta.