Hilu-mur ba abin gaggawa ba ne

A Umdurman mutum ba ya buƙatar kalanda kafin ya san azumi ya matso. Da Sha'aban ya kama, lunguna kan ɗauki ƙamshin ƙullun dawa mai tsami da ake gasawa a kan faifan ƙarfe, gauraye da citta da kirfa da hayaƙin itace. Mata ne ke aikin hilu-mur, abin shan da babu gidan Basudane da zai yarda a yi buɗa-baki ba shi. Wasu na kiransa abre. Ruwa ne ja mai duhu, zaƙi da tsami da ɗan ɗaci a kurɓi ɗaya, kuma wanda ya wuni da ƙishin Khartum ya san dalilin da ya sa ake fara miƙa hannu gare shi kafin a waiwayi zoɓo ko ruwan tsamiya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda wannan abin sha ke ƙaura daga tsakar gida zuwa kanti. Yanzu ana samunsa a gashe a ninke a kasuwa, ana samun garinsa a ƙulle cikin leda, ana aika shi Alƙahira da Jidda da Dubai, kuma mai kuɗi zai iya shansa ko a watan Safar. Ni ban ƙi kasuwar ba. Abin da na ƙi shi ne a yanke aikin a bar sunan.

Sai an san aikin za a gane abin da nake nufi. Dawa ake samu, galibi irin da suke kira fatarita. A jiƙa ta, a shimfiɗa a inuwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, ana yayyafa ruwa kwana da kwanaki har ta tsira. Wannan tsiron suke kira zirri'a. A shanya shi a rana ya bushe ƙayau, a kai niƙa. A gefe guda a dama wani garin dawar da ba a tsirar ba, a tuƙa shi ya yi kauri, sannan a riƙa zuba garin tsiron a ciki tun yana da zafi. Nan abin mamakin yake ga wanda bai taɓa gani ba: tuƙin da muciya ke shiga da ƙyar sai ya saki jiki ya tsinke, ya yi zaƙi alhali ko ƙwayar sukari ba a sa ba. Tsiron ne ke narka ƙarfin garin ya mai da shi zaƙi. Daga nan sai kayan ƙamshi, kowane gida da nasa awo: citta, kirfa, hulba, habbatussauda, zoɓo, tsamiya, da wasu da uwargida ba za ta faɗa maka ba ko ka yi rantsuwa. A rufe ƙullun ya kwana ɗaya ko biyu ya yi tsami. Sai ranar gashi, wadda suke kira awasa. A ɗora faifan ƙarfe a wuta, a zuba ƙullu, a baje shi da ɗan tsinken ganyen dabino da ake ce wa gargariba, a bar shi ya soyu har ya yi duhu, a ninke, a ajiye ya sha iska. Kowane ninki sunansa ɗarga, kuma da shi ake ƙidaya a kasuwa. Ranar sha sai a ɓantari abin da ake so, a jiƙa a ruwa, a tace, a ƙara sukari da ƙanƙara.

Duk Bahaushiyar da ta taɓa dama kunun zaƙi da tsiro ta san rabin wannan ilimi. Malam Hamid Dirar na Jami'ar Khartum ya rubuta littafi sukutum a 1993 kan abincin Sudan da ake tsimawa, hilu-mur na ciki, amma matan da suka koya masa ba su jira littafi ba.

Kuma ba aikin mace ɗaya ba ne. Gashin gida guda kan ci wuni cur a gaban wuta, shi ya sa ake yin gayya, wadda su suke kira nafir. Yau a gidan wance, jibi a gidan wance, kowa ta zo da itacenta ko hannunta, a dafa gahawa, a sha hira, 'yan mata na gefe suna kallon yadda ake riƙe gargariba. Kafin a ga wata an san gidan da babu hali a bana, an kuma san yadda za a cika musu kwandonsu ba tare da an kunyata kowa ba. Wannan ba ya shiga leda.

Bari in ɗan yi nisa da mai karatu zuwa wata ƙasa, kuma ya yi mini uzuri, don zancen giya ne. Ba na sha, ba kuma talla nake ba, darasin sana'ar nake so. A kudancin Jamus, a yankin Bavariya, an kafa doka a 1553 da ta hana dafa giya daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba, saboda wadda aka dafa cikin zafi lalacewa take yi. Sai masu sana'ar suka riƙa dafa mai ƙarfi a watan Maris, su ajiye a ramukan ƙarƙashin ƙasa masu sanyi, a yi ta sha har kaka. Irin wannan giyar ajiya ita ake kira laga, kuma ita ce daga baya ta zama abin shan bikin Oktoberfest na birnin Munich, bikin da ya samo asali daga auren yarima Ludwig a 1810. Wato dai zafin rana ne ya ƙayyade lokacinta, ba mai talla ba. A shekarun 1870 injin sanyi na Carl von Linde ya shiga masana'antun Munich, daga nan dole ta kau, ana iya dafawa kowane wata. Yau ƙananan masana'antu a Amurka da Turai, waɗanda ke tinƙaho da cewa aikinsu na hannu ne, kowace shekara sai sun fitar da “giyar kaka”, da hoton jajayen ganyaye a jikin gwangwani. Kuma saboda kowa na son ya riga ɗan'uwansa kama kanti, tun watan Agusta ake ganinta, ana tsakiyar zafi. Lokacin ya zama tambari kawai. Wasu cikinsu har yanzu suna ba ta makonnin ajiyar da take buƙata, kuma masu sha sun san bambanci. Saura kuwa launi da suna suke sayarwa.

Khartum ma ta taɓa yin masana'antar giya. A Bahri, ƙetaren Shuɗin Nilu, kamfanin Blue Nile ya yi ta dafa giya mai tambarin raƙumi tun shekarun 1950, har zuwa Satumban 1983 da Shugaba Ja'afar Numairi ya ayyana dokokin shari'a, aka tuttular da kwalabe a kogi a gaban jama'a. A Yulin 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba, amma wannan bai mai da Khartum garin masu gasar giyar kaka ba, kuma ban ga alamar za ta zama ba. Sana'ar tsirar da hatsi da tsima shi, wadda Turawa suka zuba a laga, a Umdurman tana hannun matan da ke shirya wa masu azumi abin buɗa-baki.

A nan ne wasu 'yan'uwanmu kan ɗaure fuska. Na sha jin ɗaliban da suka je karatu daga Najeriya suna tambaya a asirce, wai wannan abin da aka tsirar aka kuma tsima, ba ɗan'uwan burkutu ba ne? Gaskiya farkon hanyar ɗaya ce da ta marisa, giyar dawa ta Sudan. Amma ƙullun hilu-mur tsami ake nema a gare shi ba ƙarfi ba, sannan ana gasa shi a kan ƙarfe mai zafi har ya bushe, a jiƙa a sha a wunin. Ba ya bugarwa. Malamai da limamai a Sudan suna shansa a kan tabarmar buɗa-baki ɗaya da kowa, a bakin titi, inda ake tare matafiya a tilasta musu saukowa su ci.

Akwai wani bambanci da ya sa nake ganin hilu-mur ya fi giyar Jamusawa zama cikin haɗari. Tasu zafi da sanyi suka ɗaure ta da wata. Shi kuwa babu abin da ya ɗaure shi da Sha'aban sai al'ada. Azumi yana zagaya shekara, yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara: a 2016 ya faɗo a Yuni, lokacin da zafin Khartum ke haura digiri 40, a 2025 kuma ya kama a farkon Maris. Dawar Gadarif tana nan a rumbu kowane lokaci, ninkin da aka gasa kuma yana iya wata da watanni bai lalace ba. Ke nan duk ranar da mata suka daina taruwa, babu wata doka ko yanayi da zai dawo da su.

To yaƙi ya zo ya yi abin da kasuwa ba ta gama yi ba. Ranar 15 ga Afrilun 2023 aka fara harbe-harbe a Khartum tsakanin soja da dakarun RSF, ana cikin goman ƙarshe na azumi, hilu-mur ɗin shekarar ko ƙarewa bai yi a kwanduna ba. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Maƙwabtan da suka shekara talatin suna gayya tare suka watse, wata a Fot Sudan, wata a Kassala, wata a unguwar Faisal ta Alƙahira, a ɗaki ɗaya a bene hawa na biyar inda ba wurin shanya tsiro balle hura itace. Waɗanda suka rage a Umdurman kuwa, da yawa layin takaya suka dogara da shi, wato tukwanen sadaka da matasan unguwa ke dafawa. Soja sun karɓe fadar shugaban ƙasa a Maris ɗin 2025, shi ma cikin azumi, mutane sun fara komawa, amma wanda ya tarar an kwashe masa har ƙofar ɗaki ba zancen faifan gashi yake fara yi ba.

Don haka duk wanda ya tsaya yana zagin matar da ta sayi hilu-mur a kasuwa, wai ta yi lalaci, bai san halin da ake ciki ba. Kuma wadda ta sayar mata, sau da yawa da kuɗin nan take biyan haya, take ciyar da marayu. Mata da dama sun mai da awasa sana'a tun kafin yaƙi, suna gasa wa gidajen ma'aikata a biya su, ko su kai kasuwar Umdurman. Wannan ciniki ne na halal, kuma a ganina shi ne ma zai riƙe ilimin a wannan zamani da gayya ta yi rauni. Idan ana saye, za a ci gaba da tsirarwa.

Rigimata da wanda ya gane cewa mai saye, musamman na ƙasar waje da kewar gida ta dama, ba zai iya bambancewa ba. An taɓa kawo mini wani ƙulli, leda mai sheƙi da hoton jinjirin wata da fitila. Da aka jiƙa, launi ya fito ja wur, ƙamshin kirfa ya cika ɗaki, amma a baki ba komai sai zaƙin sukari da ɗacin ƙuna. Babu tsamin ƙullun da ya kwana, babu zaƙin tsiro mai nauyi da ke zama a maƙogwaro ya kashe ƙishi. Wanda ya yi shi ya tsallake kwanakin tsiro da na tsimi, don su ne masu cin lokaci da wuri, ya ƙona gari ya cika da kayan ƙamshi. Ya kuma sa masa farashin na gaske. Matar da ta yi mako biyu tana aiki ba za ta iya gasa da shi ba, tunda shi a wuni ɗaya zai cika kwali. In aka bar abin haka, yaran da ke tasowa a Alƙahira da Riyad za su girma suna zaton wannan shi ne hilu-mur, in an ba su na kakarsu su ce ya yi tsami.

Mu ma a gida mun san wannan hanya. Garin kunun tsamiya da na gyaɗa suna nan a leda a kantunan Kano da Kaduna duk azumi, wasu masu kyau ƙwarai, matan aure ne ke yi da hannunsu, wasu kuwa sai ka dama ka rasa me kake sha. Ba wanda ya ce a koma daka a turmi dole. Amma mai saye yana da haƙƙin a gaya masa gaskiyar abin da ke ciki.

Kuma kada mu ɗauka zancen na wasu ne can. Hausawa sun fi ƙarni a Sudan, tun alhazan da suka bi ta ƙasa suka yada zango, da mutanen da suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Agashe da ake rububi a titunan Khartum daga hannunsu ya fito, kuma a gidajensu ana awasa kamar kowane gida. Tsofaffin ɗaliban Jami'ar Afirka ta Khartum da ke Kano da Zariya da Maraɗi, da yawa har yau sai sun yi sautun hilu-mur kafin azumi.

Su nake wa magana. In za ku yi sautu bana, ku nemi na hannun mace da aka san ta, ko da ya fi tsada, ku tambaya ko da zirri'a aka yi shi da kuma kwana nawa ƙullun ya yi. Wanda ya kasa ba da amsa, ku bar masa ledarsa.