Hannuwan da Suka Ɗauki Jinkar Fim ɗin "Sarraounia"

Idan fim ya ƙare, sunaye suka fara hawa allo, akasarin ƴan kallo sukan miƙe su kakkaɓe riguna su kama hanyar gida. Ba kasafai ake samun mai haƙurin karanta sunayen ba, alhali kuwa a cikinsu ne ake gane wanda ya zuba kuɗi, da wanda ya riƙe kyamara, da ƙasar da aka taka wajen aikin. Fim ɗin Sarraounia, wanda Med Hondo ya fitar a 1986, yana cikin finafinan da jerin sunayensu ya cancanci karatun natsuwa, musamman a Yamai. Labarin na Nijar ne, marubucin littafin da aka gina shi a kai ɗan Nijar ne, jarumar kuma ƴar ƙasar Arewa ce, inda Hausa take harshen gida. Amma bayan sunan marubucin, da wuya mai karatu ya sake cin karo da hannun Nijar a manyan guraben aikin. Wannan giɓi ya bar sawunsa a kan abin da ake gani da abin da ake ji a fim ɗin, kuma shi ne abin da ya kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su tsaya su duba.

Tushen labarin sananne ne. A farkon 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin kyaftin Voulet da kyaftin Chanoine ta baro gaɓar kogin Kwara ta nufi tafkin Chadi, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane. A watan Afrilu ta isa Lugu, cikin ƙasar Dogon Dutsi, inda Sarauniya Mangu da Aznan da ke tare da ita suka ƙi miƙa wuya, aka gwabza, sannan mutanen garin suka janye cikin kurmi. A watan Mayu rundunar ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb, wanda aka aiko ya karɓe jagorancin rundunar, kuma cikin kwana uku sojojin Afirka da ke ƙarƙashinsu suka kashe Chanoine da Voulet a wajajen Maijirgi, kusa da Tasawa. Takardun Turawa ba su ba Sarauniya fiye da ƴan layuka ba. Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba wanda ya sha gudun hijira kuma ya sha ɗauri a zamanin Seyni Kountché, shi ne ya ɗauko ta ya mai da ita jarumar littafinsa da aka buga da Faransanci a 1980.

Med Hondo ɗan Moritaniya ne mazaunin Faransa, wanda ya riga ya yi suna da Soleil Ô da West Indies. Hanyar cin abincinsa kuwa ita ce ara wa ƴan wasan Amurka murya idan za a juya finafinansu zuwa Faransanci. Shi ne muryar Eddie Murphy, daga baya kuma muryar jakin nan na Shrek. Abin da ya samu daga wannan sana'a yana cikin abin da ya riƙa ciyar da nasa finafinan da shi. An ƙiyasta cewa Sarraounia ya ci kimanin dala miliyan 3, waɗanda aka shafe shekara 7 ana harhaɗawa. A ma'aunin Amurka wannan kuɗin goro ne, amma a Afirka ta Yamma ta wancan zamani babban jari ne, wanda ya isa a gina gari da ganuwarsa, a tara dawaki da raƙuma, a ɗinka kaki, a ciyar da taron jama'a makonni da yawa.

Da Mamani aka rubuta tsarin fim ɗin, kuma a Nijar aka shirya ɗaukarsa. Ana dab da soma aiki hukumomin Yamai suka janye hannunsu. Masu nazari da dama sun danganta wannan janyewa da tarihin siyasar marubucin, da kuma gudun ɓata wa Faransa rai da labarin da take son a manta. Gwamnatin Thomas Sankara ce ta buɗe ƙofa, aka kwashe kaya aka koma Burkina Faso. Ba alheri kaɗai ya sa Wagadugu ta iya karɓar aikin ba. Ƙasar ta soma bikin FESPACO tun 1969, ta karɓe gidajen sinima daga hannun kamfanonin waje a 1970, ta kuma buɗe makarantar koyon aikin fim ta INAFEC a 1976. Saboda haka baƙon ya tarar da matasa da suka san fitila da waya da na'urar ɗaukar murya, ya kuma tarar da hukuma mai shirin ba da sojoji da filaye.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jinkar Sarraounia hannuwa daga ƙasashe da yawa ne suka ɗauke ta. Aï Keïta, ƴar Burkina Faso wadda ba ta taɓa riƙe babban matsayi a fim ba, ita ta fito a Sarauniya. Jean-Roger Milo ya fito a Voulet, Féodor Atkine a Chanoine, Didier Sauvegrain kuma a likitan rundunar. Guy Famechon ne ya riƙe kyamara, Marie-Thérèse Boiché ta tace hotuna ta jera su, kiɗan kuwa ya fito daga hannun Pierre Akendengué na Gabon tare da makaɗan Burkina irin su Abdoulaye Cissé. Wannan haɗin gambiza ya dace da aƙidar Hondo, wanda yake kallon Lugu a matsayin misali ga dukan Afirka. A watan Fabrairu na 1987 fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO, wato Étalon de Yennenga, wata takwas kafin a kashe Sankara. A Faransa kuwa bai daɗe a gidajen sinima ba aka sauke shi.

Wajibi ne a faɗi abin da waɗannan hannuwa suka iya. Famechon ya san amfanin faffaɗan allo: yakan bar kyamara nesa, ayarin sojoji da ƴan dako da matan da aka kamo yana ratsa fili kamar jerin gwano, har mai kallo ya fahimci cewa rundunar gari ce mai tafiya, mai cinye duk abin da ta tarar. Milo ya nuna haukan Voulet a hankali, daga girman kai zuwa zargin kowa, daga nan zuwa mafarkin zama sarkin baƙar fata. Mafi kyawun ɓangaren fim ɗin shi ne yadda ya bi da sojojin Afirka da tafintoci, waɗanda suka fara da kwaɗayin ganima suka ƙare da tsoro da gajiya, har suka juya bindiga ga iyayen gijinsu. Hondo bai ɓoye cewa hannun baƙar fata ne ya kunna wa garuruwan wuta ba, bai kuma ɓoye sarakunan da suka ga gara Bature da maƙwabciya mai bin addinin gargajiya ba. Wannan gaskiya mai ɗaci ita ta hana fim ɗin zama kirari.

Yadda aka sarrafa sihiri ma abin yabo ne. Taken littafin ya kira ta sarauniya mai tsafi, baka kuma ta ce takan rikiɗa ta zama damisa. Wani darakta da ya sami irin wannan kuɗi da ya cika allo da hayaƙi da walƙiya. Hondo ya bar tsafin inda ya fi ƙarfi, wato a zukatan masu jin tsoronsa. Sunanta yana riga ta isa sansani, sojoji suna raɗa da dare, garin da aka ci da yaƙi ya zama kango mai ban tsoro ga waɗanda suka ci shi. Souleymane Cissé na Mali ya bi wata hanya dabam a Yeelen, wanda ya sami kyautar alƙalai a bikin Cannes na 1987, inda ya nuna ikon Komo a fili kamar yadda masu shi suka yarda da shi. Dukansu biyu sun nuna cewa labarin al'ajabi ba ya jiran injunan Amurka.

Sai dai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a nan ne ƙaurar da aka yi ta fara nuna tsadarta. Harsunan da suka cika fim ɗin su ne Jula da Fulatanci da Faransanci. Mutumin Lugu ko na Matankari da zai zauna gaban allo sai ya nemi tafinta kafin ya ji abin da kakarsa take faɗa. Asarar ta wuce ta kalmomi. Kalmar sarauniya kanta, da kirarin mafarauta, da take da zambo na maroƙan Arewa, da karin maganar da dattijo zai yanke shawara da shi a fada, duk suna da nauyin da ba ya tsallaka harshe cikin sauƙi. Fim ɗin ya ba maroƙi matsayi babba, yana mai nuni da cewa sunan jarumi ba ya wanzuwa sai da mai waƙe shi, amma maroƙin da aka ji ba da harshen da aka waƙe Mangu yake waƙa ba.

Asara ta biyu ta shafi ita kanta jarumar. A Lugu sarauniya muƙami ne na addini da ake gada, kuma an ci gaba da naɗa masu riƙe shi bayan Mangu. Mai muƙamin mace ce da ke zaune a keɓe, mai kula da alaƙar mutane da ƙasa da iskoki, a yankin da dutsen Tunguma yake yanke hukunci. Binciken da malamai irin su Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Abdou Moumouni da Elara Bertho suka yi ya nuna irin nisan da ke tsakanin wannan sarauniya ta baka da matashiyar mayaƙiya mai kwari da baka wadda Mamani ya zana. Marubuci yana da ikon ƙaga abin da ya ga dama, kuma Mamani ya ƙaga ta ne don ƙasarsa tana bukatar jaruma. Amma da ƴan wasa da masu ba da shawara daga Arewa suna wurin ɗaukar fim ɗin, da wani abu na wancan ikon mai shiru ya shiga ciki. Aï Keïta tana da kwarjini, tsayuwarta da kallonta sun isa sarauta, sai dai an ba ta jawabai fiye da yadda aka ba ta rayuwa. Bayan kashin farko takan ɓace na dogon lokaci, allo ya koma hannun hafsoshin Faransa, waɗanda ƙwararrun ƴan wasa ne masu magana da harshen da daraktan ya fi sabawa da shi. Sakamakon haka mai kallo yakan fita ya san cikin Voulet fiye da yadda ya san cikin Sarauniya.

Abin da ya ƙara wa lamarin ciwo shi ne Nijar ba ta rasa mutane ba a lokacin. Oumarou Ganda, wanda ya rasu a farkon 1981, shi ne ya fara cin Étalon de Yennenga a 1972 da Le Wazzou polygame. Moustapha Alassane ya riga ya yi Toula a 1973, labarin budurwar da aka miƙa wa aljanin ruwa, ga kuma finafinansa na zane da na ƴan tsana. Zalika Souley tana kan ganiyarta, Djingarey Maïga yana aiki. Fim mai girman Sarraounia makaranta ce: duk wanda ya yi makonni yana jan waya ko ɗinka sutura ko jera taron ƴan rakiya yakan fita da sana'a a hannu. Wannan makaranta Wagadugu ce ta ci moriyarta, a daidai shekarun da sinimar Nijar ta shiga dogon barci, gidajen kallo na Yamai suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Fim ɗin Al'lèèssi na Rahmatou Keïta ya nuna halin ƙuncin da Zalika Souley ta shiga bayan wancan zamani.

Matsalar ba ta tsaya a 1986 ba. A 2021 aka fitar da Amina na Izu Ojukwu a kan sarauniyar Zazzau, da Ingilishi, ko da yake Ali Nuhu yana ciki. A 2022 aka fitar da The Woman King a kan mayaƙa mata na Dahomey, wanda aka ɗauka a Afirka ta Kudu da Ingilishi, da kuɗin da ya kai kimanin dala miliyan 50. Darasin ɗaya ne: wanda ya tara ma'aikata ya biya su, shi yake zaɓar harshe da fuska. Idan aka gwada da waɗannan, aikin Hondo ya fi kusa da gida nesa ba kusa ba, domin maƙwabta ne suka yi shi, da zuciya ɗaya, a lokacin da masu labarin suka rufe ƙofa.

Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993, Hondo kuma a Paris a 2019. Sunan Sarauniya ya bazu a kan makarantu da gidan rediyo da talabijin, a 2024 kuma aka sauya wa tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai suna zuwa na Moustapha Alassane. Girmama suna abu ne mai kyau, amma ba ya koya wa yaro riƙe kyamara. Akwai ayyuka biyu da ba su fi ƙarfin ƙungiyoyi da malamai ba. Na farko, a nemi izinin masu haƙƙin fim ɗin a juya shi zuwa Hausa da Zabarmanci, da muryoyin ƴan wasan Nijar, sana'ar da shi kansa Hondo ya rayu a kanta, a nuna shi a Cibiyar Oumarou Ganda da Dogon Dutsi da Ƙonni da Tasawa. Na biyu, a riƙa karantar da shi a aji tare da littafin da kuma abin da dattawan Lugu suke faɗa, a bar ɗalibai su gano inda ukun suka saɓa, a kuma sa su karanta jerin sunayen har ƙarshe su ƙidaya sana'o'in da ke ciki. Matasan da suka fito daga IFTIC, da daraktoci irin su Aïcha Macky, sun nuna cewa hannuwan suna nan. Ranar da wani zai sake tunkarar labarin Lugu da babban jari, abin da zai fi bukata shi ne ya tarar da masu ɗaukar hoto da masu ɗaukar murya da masu tace fim a Yamai, waɗanda suke jin Hausar Arewa ba tare da tafinta ba.